Rautar Da Ba Ta Aiki Sai Ina Kusa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta ƙarshen zango na biyu ba, ranar da na tsaya gaban mai makaranta da duk malamanmu, sandar nuna taswira a hannuna, na tona wa kaina asiri dalla-dalla ba tare da kowa ya tambaye ni ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare mai zaman kanta a Fadaman Mada, nan cikin Bauchi. Sanin da na yi wa kwamfuta bai wuce na kowa ba, in buga jarrabawa, in aika saƙo. Amma ina da wata cuta: da na kalli bidiyo biyu a kan abu, sai in ji a raina saura kawai a ba ni takardar shaida.

Matsalarmu a lokacin intanet ce. Makaranta tana biya, amma rautar da ke watsa waifai ɗin tana ofishin shugabanmu, Malam Garba, a kan kabad. Ɗakin malamai kuwa yana can ƙarshen baranda, bayan ajujuwa uku da sito. Sabis ba ya kaiwa. Duk wanda zai shigar da makin ɗalibai a shafin makaranta sai ya ɗauki kwamfutarsa ya je bakin tagar Shugaba ya tsaya a rana kamar mai jiran a sallame shi. Wanda bai iya wannan ba sai ya roƙi wani ya kunna masa hosfot, wato ya ɗan tsakura masa intanet daga wayarsa.

A nan dole in faɗi wani laifi nawa. Ina karatun digiri na biyu ta intanet, don haka kullum ina da data mai kauri, kuma hosfot ɗina a kunne yake wuni saboda kwamfutata. Malamai suka gano haka. "Malam, minti biyar kawai." Minti biyar ɗin nan ba ya ƙarewa. Da abin ya ishe ni, sai na ce musu hosfot ɗina ya lalace, na sauya lambar sirri, na kuma sauya masa suna. Sunan da na sa shi ne "Ku Sayi Naku Maroƙa". (Na sani. A lokacin na ɗauka wayo ne.)

Sunan ya riƙa fitowa a wayar kowa in ya duba jerin waifai, aka yi ta neman mai shi. Zargi ya faɗa kan Malam Buba, malamin lissafi, wani Bafulatani mai shiru-shiru da iyayensa ke kiwo a wajen Gubi. Laifinsa kawai shi ne ko biro ya ara maka sai ya tsaya a kanka har ka gama rubutu. Ya rantse ba shi ba ne, ba a yarda ba. Ni ma, Allah ya yafe mini, ina cikin masu tsokanarsa. "Malam Buba, a ji tsoron Allah a buɗe wa maroƙa," nakan ce, a yi dariya. Shi kuwa sai ya dube ni ya ci gaba da duba littattafansa.

Ana haka sai yayana ya tashi daga gidan da yake haya, ya kawo mini wani kwali na tarkace in ajiye masa. A ciki na tsinci wata tsohuwar rauta fara mai ƙaho biyu. Na shiga bincike, sai na ga ashe irin wannan tana iya aiki biyu lokaci guda: ta kamo waifai daga wani wuri kamar yadda waya ke kamawa, sannan ta sake watsa shi da sunanta ga na kusa da ita. Kunne a gefe ɗaya, baki a ɗaya gefen. Na ce ai shi ke nan, an gama da tsayuwar bakin taga.

Ranar Asabar na zauna a falo na gwada. Tunda ba mu da waifai a gida, sai na sa rautar ta kamo daga hosfot ɗin wayata. Na raɗa wa wanda take watsawa suna "Ɗakin Malamai". Na haɗa kwamfutata da shi, shafi ya buɗe. Na kira matata, Maman Hanifa, ta zo ta gani.

"Me ya canja?" ta tambaya.

"Da kwamfutar daga waya take sha kai tsaye. Yanzu sai ya bi ta nan."

"To ai hanyar ta ƙara tsawo ke nan," ta ce, ta koma kicin.

Ranar Litinin na shiga makaranta da rauta a cikin leda. Na yi wa Malam Garba bayani, ya rubuta mini lambar sirrin waifan ofishinsa a ɗan guntun takarda, ya ce in na yi nasara ya san abin da zai gaya wa Hajiya, mai makarantar. Na ɗora rautar a saman shelf ɗin ɗakin malamai, na jona wuta, na buɗe shafin saitinta a kwamfutata. Aikin da ya rage ɗaya ne: in cire hosfot ɗina da na yi gwaji da shi, in sa waifan ofis a madadinsa. Na zaɓi na ofis ɗin (da ƙyar ya nuna sandar ƙarfin sabis ɗaya), na buga lambar. Ban kai ga danna maɓallin ajiyewa ba sai na ji Malama Larai, mai koyar da Turanci, ta ce daga kujerarta:

"Ya shigo. Wallahi ya shigo, ga shi ina buɗe shafin maki."

Kowa ya zaro waya. Nan da nan ɗakin ya cika da hayaniya. Wani ya dafa kafaɗata, wani ya ce "Injiniya". Ni kuma tunda abu yana aiki, me ya rage? Na rufe kwamfutata na miƙe ina karɓar gaisuwa. Maɓallin nan ban danna shi ba. Rautar tana nan manne da abin da ta sani tun Asabar, wato wayar da ke aljihun rigata.

Kai mai karatu ka riga ka gane. Ni sai da na yi sati uku.

Tun ranar farko abin ya fara nuna hali. Da na tafi aji, musamman ajujuwan bene da ke can bayan fili, sai intanet ya ɗauke. Malama Larai ta zo bakin ƙofar aji ta ɗaga mini hannu. In na gama darasi na dawo, sai in je gaban shelf, in ɗan karkata ƙaho ɗaya, in hure bayanta, in tsaya shiru ina kallon fitilunta. Kafin a ƙirga goma sai wani ya ce, "Ya dawo." Wasu sun gwada karkata ƙahon da hurewar in ba na nan, ba ta kula su. Ranar da na je suna ban zo aiki ba kuwa, wuni guda ba ta yi motsi ba. Washegari ina shigowa, ko jakata ban ajiye ba, ta kawo. Aka ce rautar ta san mai ita.

Da a ce ina da hankali, da na tsorata. Maimakon haka sai na fara bayani. Na ce musu duwatsun da suka kewaye Bauchi suna da ƙarfe a cikinsu, kuma in rana ta yi zafi sukan ja igiyar sabis gefe, don haka sai an san kusurwar da za a karkata ƙahon. Har zane na yi a allo. (Ina koyar da labarin ƙasa, wa zai yi mini gardama a kan dutse?)

Akwai wani abin da ya fi wannan. Ni kaɗai ne ban taɓa morar waifan ba a wayata. Irin wayata, da ka kunna waifai sai hosfot ya kashe kansa. To duk lokacin da na ce bari ni ma in shiga "Ɗakin Malamai", sai intanet ya mutu wa kowa. Sai in ce tunda ya mutu, bari in mayar da hosfot ɗina in ci gaba da aiki. Jim kaɗan sai a ce ya dawo. Na yi wannan sau uku, na yanke hukuncin cewa rautar ta cika, ba ta ɗaukar ƙarin mutum ɗaya. Na sanar da malamai cewa ni na haƙura da nawa kason saboda jama'a. Malama Larai har albarka ta sa mini.

A gida kuwa wata rigimar ce. Datar da kan kai ni wata ta ƙare a kwana huɗu. Na sake sa wata, ita ma ta bi ta. Wayar ta riƙa zafi a aljihuna kamar dankalin da aka ciro daga toka, batir ba ya kai azahar. Na je kasuwar Wunti aka sauya mini batir, ba ta sauya hali ba. Sai na juya kan Maman Hanifa.

"Ke ce kike kallon bidiyon girke-girke da wayata in na ajiye."

"Baban Hanifa, yaushe kake ajiye ta? Wayar da ko wanka za ka yi sai ka shiga da ita?"

Na ce dai a kiyaye. Ta ce to, da irin "to" ɗin da ke nufin za a dawo kan maganar.

Mutum ɗaya ce a makarantar ba ta taɓa kirana Injiniya ba. Malama Rahila, sabuwar malamar kwamfuta, 'yar wajen Bogoro, wadda ta zo a farkon zangon. Ba ta da yawan magana. Wata rana ta same ni ta ce, "Malam, ko za ka bar ni in ɗan duba saitin rautar nan? Yadda take ɗaukewa bai yi mini kama da matsalar zafi ba."

Na yi murmushin manya. "Malama, wannan ba irin na littafi ba ne. Abu ne na sabo. Kada a taɓa a ɓata."

Ta ce, "To, Malam," ta tafi.

Ranar Alhamis ɗin da nake ba ku labari ita ce ranar taron ƙarshen zango. Malam Garba ya riga ya raɗa mini cewa Hajiya za ta zo, kuma tana son a yi irin wannan aikin a sabon reshen da take ginawa a Inkil. Sunana ya bayar. Na sa farar shaddata, na ɗauko hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Na kuma nace a ɗauko majigin makaranta daga sito, don in haska shafin rautar a bango kowa ya gani da idonsa. Shugaba ya ce bayani da baki ma ya isa. Na ce a'a, Hajiya mutum ce mai son hujja.

Muna shirin shiga sai Malama Rahila ta tare ni a baranda.

"Malam, don Allah minti biyu kafin a fara. Akwai abin da na lura da shi, gara mu yi magana mu biyu."

Na ɗauka so take a ambaci sunanta a gaban Hajiya. Na ce, "Bayan taro, Malama. Ba zan manta da ke ba."

Hajiya dattijuwa ce 'yar cikin gari, ta yi shekaru a aikin ilimi kafin ta yi ritaya ta buɗe makarantar. Tana magana a hankali, kuma ba ta barin rubutu ya wuce gabanta ba ta karanta ba. Ta zauna a gaba, Malam Garba a gefenta. Bayan addu'a da maganar sakamakon jarrabawa, Shugaba ya yi mini gabatarwar da ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Ya ce malami ne da bai tsaya a fanninsa ba, ya ce ya sadaukar da kayansa da lokacinsa.

Na miƙe. Na haɗa kwamfutata da majigi, shafin rautar ya fito ƙato a bango. Na ɗauki sandar taswira.

"Ranki ya daɗe, na'urar nan aiki biyu take yi. A nan ɓangaren," na nuna dama, "tana ba mu. Ga sunan, Ɗakin Malamai. A nan kuma," na kai sandar hagu ba tare da na waiwaya ba, don na ga masu bayani a talabijin haka suke yi, "tana karɓowa. Abin da kike gani a nan shi ne waifan ofishin Shugaba."

Hajiya ta gyara gilashinta. Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya shifta.

"Ku. Sayi. Naku. Maroƙa." Ta juya ga Malam Garba. "Malam Garba, haka ka sa wa ofishinka suna?"

Na waiwaya. Ga shi nan, da haruffa masu girman tafin hannu, kan sandata daidai ƙarƙashinsa.

A daƙiƙa ɗaya komai ya haɗu a kaina: data, batir, ranar suna, maɓallin da ban danna ba. Hanya mai sauƙi tana nan, in ce, "Hajiya, kuskurena ne." Amma bakina ya riga hankalina.

"Da alama wani ne ya kutsa cikin na'urar," na ce.

Duk ɗakin ya juya ga Malam Buba. Shi kuma ya sa hannu a aljihu ya fito da wata ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda ko hoto ba ta ɗauka, ya ajiye a kan tebur.

"Babbar tana wurin mai gyara tun sati biyu," ya ce. "Wannan kuwa tocila ce kawai gwanintarta."

Na fara ja da baya ina cewa lallai a yi bincike, irin waɗannan abubuwa sun yi yawa a zamanin nan. Ban san ina tafiya ba sai da bayana ya kusa ƙofa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, kusa da sunan nan a bango akwai 'yan sanduna da ke nuna ƙarfin sabis. Malam Buba ya lura. Malamin lissafi ne.

"Injiniya," ya ce a natse, "ɗan ƙara matsawa baya."

Na matsa, har na taka baranda. Sanduna huɗu suka koma uku.

"Ƙara."

Suka koma biyu.

"To dawo. Zo nan kusa da shelf."

Na dawo, farar shadda na ƙara a kunnena saboda shirun da ɗakin ya yi. Uku. Huɗu. Cif.

Wadda ta fara dariya Malama Larai ce, ta toshe baki da mayafi amma kafaɗunta suka tona ta. Daga nan sai ɗakin ya ɓarke. Malam Garba ya kifa kansa a kan fayil. Wani ya fita waje don ya samu iska. Ni ina tsaye da sanda, wayar tana ƙona mini ƙirji ta cikin aljihu.

Hajiya ba ta yi dariya da ƙarfi ba, amma sai da ta cire gilashi ta share ido. Ta jira aka lafa.

"Malam, bari in gane. Wayarka ce?"

"Tawa ce, ranki ya daɗe."

"Kai ka sa sunan?"

"Ni na sa."

"Kuma sati uku ke nan duk malaman nan daga aljihunka suke sha?"

"Haka ya nuna, Hajiya."

"To ni dai ban taɓa ganin wanda ya zagi maroƙa kuma ya ciyar da su a lokaci guda ba," ta ce. "Allah ya karɓa. Amma ina ganin akwai wanda ya kamata ka fara ba haƙuri."

Na juya ga Malam Buba a gaban kowa na ce ya yafe mini, ni na jawo masa zargi kuma na taya a tsokane shi. Ya ɗauki ƙaramar wayarsa ya mayar aljihu.

"Na yafe," ya ce. "Dama tun watan jiya na san kai ne. Ranar da ba ka zo ba sunan ba ya fitowa."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ina jiran ka faɗa da kanka. Ban dai zaci za ka kawo majigi ba."

Hajiya ta tambaya ko akwai wanda zai iya gyara abin da gaske. Malama Rahila ta ɗaga hannu kaɗan. Ta ce tunanin ba laifi, rautar tana iya aikin biyun, amma inda na ajiye ta ya yi nisa da ofis, ko da na danna maɓallin da ƙyar za ta kama. Ta cire ta daga shelf, ta kai ta tagar sito da ke tsakiyar baranda, inda take jin ofis sosai kuma muryarta ke kaiwa ɗakin malamai. Ta zaɓi waifan Shugaba, ta buga lambar, ta danna ajiyewa, ta jira rautar ta sake tashi. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, ɗan kashe wayarka mu gani." Na kashe ta gaba ɗaya. Intanet bai ko girgiza ba. Duka-duka bai kai minti goma ba, kuma ba ta ambaci dutse ko sau ɗaya ba.

Aikin Inkil ita aka ba. Da za ta tafi ta roƙi Shugaba a haɗa ta da ni, ta ce ai ni na kawo shawarar tun farko. Na je. Ni na riƙe tsani.

Da na koma gida ranar taron, na zaunar da Maman Hanifa na ba ta labari tun daga farko, don na san in ban faɗa ba matar wani malami za ta faɗa mata da ƙari. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta tambaya sau nawa na sa data, na ce kada mu shiga wannan. Ta ce ta yafe maganar bidiyon girki, amma da sharaɗin in bar ta ta ba yayarta labarin. Na yarda. Kafin Juma'a ta zagayo, surukaina ma sun ji.

Har yau a makarantar ana kirana Injiniya, sai dai yanzu in an faɗa akan ɗan ja ƙarshen kalmar. Na saba. Abin da na ɗauka daga wannan kuwa ba mai yawa ba ne, amma ina riƙe da shi: idan mutane suka fara yabonka a kan abin da kai kanka ba ka san yadda aka yi ya yi aiki ba, ka karɓi yabon da murya ƙasa-ƙasa, ka lallaɓa ka sami wanda ya sani ya duba maka a ɓoye. In kuwa girman kai ya hana ka, to aƙalla ka yi bayanin da baki, ka bar majigi a sito.